Aikin Lokacin Lafiya: Tallafi da Taimakon Kai ga Masu Ciwon Baifola

Ciwon da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira baifola ciwo ne da ke taɓa yanayin rai, wato ma'aunin nishaɗi da kuzari da ƙwarin gwiwar da mutum ke wayar gari da shi, ta yadda wannan ma'auni kan haura ya wuce kima a wani zango, ya kuma faɗi ƙasa warwas a wani zangon, a tsakaninsu kuwa akan sami watanni ko shekaru da mai ciwon ke zaune lafiya ƙalau, yana sana'arsa yana riƙe da gidansa kamar kowa. Likitoci biyu na Faransa, Jean-Pierre Falret da Jules Baillarger, sun bayyana a rubuce a 1854 cewa hawan da faɗuwar fuskoki biyu ne na ciwo ɗaya, Emil Kraepelin na Jamus ya raba shi da sauran nau'o'in taɓin hankali a 1899, sunan baifola kuwa, wanda ke nufin abu mai ƙarshe biyu masu kishiyantar juna, bai zauna da gindinsa a littattafan likitanci ba sai a 1980. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 40 ne ke ɗauke da shi a 2019, kuma yakan fara bayyana tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekaru ashirin da 'yan kai, daidai lokacin da ake karatu ko neman aure ko kafa sana'a. Gado na da babban kaso a cikin sababinsa, kamar yadda binciken tagwaye ya nuna, sai dai abin da ake gada shi ne saurin kamuwa, abin da ke tayar da shi kuma galibi rashin barci ne, ko tashin hankali, ko haihuwa, ko kayan maye.

Zangon hawan, wanda ake kira maniya, zumuɗi ne mai wuce gona da iri: barci ya ragu zuwa awa biyu ko uku ba tare da an ji gajiya ba, magana ta yi yawa ta yi sauri har ba a samun wurin katse ta, tunani ya riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan, mutum ya ga babu abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya rabar da jarinsa, ko ya ƙulla cinikin da ba zai iya biya ba, ko ya kama hanyar wani gari ba sallama, wani lokaci kuma saurin fushi ne ke zuwa a madadin nishaɗin. Likitoci ba sa kiran wannan hali maniya sai ya kai mako guda ko ya kai ga kwanciya asibiti. Idan ya ɗauki kwana huɗu ko fiye amma bai rushe al'amuran mutum ba, sunansa haifomaniya, wato ƙaramin zumuɗi, kuma a kan wannan bambanci aka raba ciwon zuwa nau'i na ɗaya, mai cikakken zumuɗi, da nau'i na biyu, mai ƙaramin zumuɗi da doguwar damuwa. Zangon faɗuwar ciwon damuwa ne mai tsanani da ke ɗaukar aƙalla mako biyu, inda jiki ke mutuwa, abinci da hira da sana'a duk su fita daga rai, mutum ya riƙa ganin kansa a matsayin kaya a wuyan iyalinsa. Tun da babu mai zuwa asibiti ya kai ƙarar jin daɗi, yawancin masu ciwon a lokacin damuwa likita ke fara ganinsu, shi ya sa akan yi shekaru shida ko fiye kafin a gane ainihin abin da ke damunsu, a cikin waɗannan shekaru kuwa akan ba su maganin damuwa zalla, wanda idan babu wani maganin da ke riƙe shi yana iya jefa su cikin zumuɗi.

Abin da ya sa maganar taimakon kai ke da sarƙaƙiya a wannan ciwo shi ne, hankalin da mutum zai yi amfani da shi ya taimaki kansa shi ne abin da ciwon ke fara kamawa. Mai zumuɗi bai yarda ba shi da lafiya ba, hasali ma yana jin bai taɓa samun lafiya irin ta wannan lokaci ba, mai damuwa kuma ya san ba shi da lafiya amma ya yanke ƙauna daga samun sauƙi. Saboda haka kusan duk wani abu mai amfani da mai ciwon zai yi wa kansa, ko danginsa za su yi masa, a lokacin lafiya ake shirya shi, lokacin da babu wata alamar da ke tuna wa mutane cewa akwai aiki a gaba. Al'adar jinya a gidajen Hausawa kuwa, duk da yalwar hannaye da karamcin da ke cikinta, ta saba da akasin haka, domin dangi kan taru idan abu ya ɓaci, a haɗa kuɗi a kai asibiti a yi ta zirga-zirgar dubiya, da zarar an ce an samu sauƙi sai kowa ya kama gabansa, a daina zancen gaba ɗaya don rufin asiri, sau da yawa ma a ajiye maganin a matsayin shaidar cewa abin ya wuce.

Magani shi ne harsashin da sauran abubuwa ke hawa kai, kuma sanin halin maganin da mutum ke sha wani babban yanki ne na taimakon kai. Mafi daɗewa a cikin magungunan shi ne litiyom, wanda John Cade na Ostareliya ya bayyana amfaninsa a 1949, Mogens Schou na Denmak ya tabbatar da shi ta hanyar gwaji a 1954, har yau kuma yana cikin waɗanda suka fi hana ciwon dawowa, yana kuma rage haɗarin kashe kai. Matsalarsa ita ce tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba ƙarama ce ƙwarai: ana so ya tsaya a jini tsakanin 0.6 da 1.0 na milimol a kowace lita, idan ya haura 1.5 an shiga haɗari, don haka dole a riƙa auna jini duk wata uku zuwa shida, awa 12 bayan shan maganin, a kuma duba ƙoda da ƙullutun wuya da ake kira tayirod. Duk abin da ke ƙafar da ruwan jiki yana ɗaga adadinsa, kamar gudawa da amai da zazzaɓi da yawan zufa, haka ma magungunan ciwon jiki irin su aibufurofen da dikulofenak waɗanda ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba. Wannan magana tana da nauyi na musamman ga mazauna Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafin bazara kan wuce digiri 40, kuma mai shan litiyom da ya ga rawar hannu ta tsananta, yana tangaɗi, harshensa na harɗewa, asibiti ya kamata ya nufa a ranar. Wani maganin kuma, balfirowet, wanda ake sayarwa da sunan Epilim, yana jawo lahani a halittar kusan jariri 1 cikin 10 idan an sha shi da ciki, 3 zuwa 4 cikin 10 kuma kan sami jinkirin bunƙasar ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake kauce wa ba da shi ga matan da ke shekarun haihuwa. Kabamazafin, wato Tegretol, yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da robar da ake sawa a dantse. Olanzafin da danginsa kuma suna sa ƙiba da haɗarin ciwon suga.

Dalilan da ke sa mutane barin magani sun fi mantuwa zurfi, kuma wanda bai fahimce su ba zai yi ta faɗa ne a banza. Akwai tsada, akwai ƙiba da kasala da rawar hannu, akwai kuma nauyin kalmar ƙwaya, wadda a bakin jama'a ta zama sunan kayan maye, har saurayi ya ji kunyar a gan shi yana haɗiyar abin da likita ya rubuta masa. Akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba, wato kewar zumuɗin kansa, domin wanda ya ɗanɗana kwanakin da yake jin basirarsa ta buɗe, bakinsa ya sake, kowa na dariyar barkwancinsa, zai iya ganin zaman lafiya a matsayin rayuwa marar gishiri. Kay Redfield Jamison, farfesa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka wadda ita kanta ke da ciwon, ta bayyana a littafin tarihin rayuwarta na 1995 yadda ta yi shekaru tana kokawa da shan litiyom duk da iliminta, har abin ya kai ta ga yunƙurin kashe kanta. Daina maganin farat ɗaya ya fi ragewa a hankali haɗari, saboda haka mai son canji gara ya kai kukansa ga likita a nemi wani maganin ko a gyara adadi.

Hujja mafi ƙarfi a kan amfanin ilimantar da mai ciwon ta fito ne daga Basalona ta ƙasar Sifaniya, inda Francesc Colom da Eduard Vieta da abokan aikinsu suka wallafa sakamakon gwaji a 2003. Sun ɗauki mutane 120 waɗanda duk suna shan magani, kuma sun yi aƙalla wata shida cikin lafiya, suka raba su gida biyu: rabi suka halarci zama 21 na mako-mako inda aka koya musu yanayin ciwon da magungunansa da alamun dawowarsa da tsarin rayuwa, sauran rabin kuma suka riƙa haɗuwa ba tare da darasi ba. Bayan shekara biyu ana bibiya, ciwon ya dawo wa kashi 92 cikin ɗari na waɗanda ba a koyar ba, da kashi 67 na waɗanda aka koyar. Bambancin babba ne, ga shi an same shi da allo da kujeru kawai, amma lambar ta biyu ma tana da nata darasin, domin ta nuna cewa mutum na iya yin duk abin da ya kamata ciwon kuma ya dawo, dawowar tasa ba shaidar sakaci ba ce da za a ɗora wa majinyaci.

A cikin abubuwan da ke hannun mai ciwon babu kamar barci, domin raguwarsa alama ce ta zumuɗi kuma sababinsa ce a lokaci guda: dare biyu ko uku ba barci na iya kunna wutar, wutar kuma ta ƙara hana barci. A kan wannan fahimta Ellen Frank ta Jami'ar Pittsburgh ta gina wata hanyar jinya da ke daidaita agogon jiki ta hanyar tsayar da lokutan abubuwa biyar a kowace rana, wato tashi daga barci, da fara hulɗa da wani mutum, da fara aiki, da cin abincin dare, da kwanciya, gwajin da ta wallafa a 2005 kuma ya nuna cewa waɗanda suka daidaita waɗannan lokuta sun fi daɗewa ciwon bai dawo musu ba. Musulmin da ke kiyaye salloli biyar a kan lokaci yana da irin wannan tsari a shirye, tun da asuba ta tsayar masa da lokacin tashi da haɗuwa da jama'a, abin da ya rage shi ne ya tsayar da lokacin kwanciya bayan isha'i, wanda shi ne ya fi wuya a zamanin waya da kallon ƙwallon dare da shayin majalisa. Makon biki da zaman makoki da tafiyar dare da aikin gadi ko tuƙin dogon zango duk wurare ne da tsarin ke wargajewa, goro da gahawa da yamma suna ƙara dagula shi, wiwi da tiramol kuwa suna iya tayar da ciwon kai tsaye.

Watan Ramadan ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana sauya lokacin barci da na abinci da na shan magani gaba ɗaya, sahur ya katse dare, asham da tahajjud su rage shi, ƙishirwar yini kuma ta shafi adadin litiyom a jini. Binciken da aka yi a Maroko ya sami ƙaruwar dawowar ciwon a tsakanin masu azumi, wani da aka yi a Pakistan bai sami wata illa ba, abin da ke nuna cewa hukunci ɗaya ba zai wadatar da kowa ba, kuma shawarar ta dogara ne da irin maganin da tarihin mutum da tsawon lokacin da ya yi cikin lafiya. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, amma da yawa ba sa ɗaukar kansu marasa lafiya tun da babu abin da ke yi musu ciwo a jiki, suna kuma tsoron a gan su suna ci da rana a yi musu mummunar fassara. Mafita ita ce a yi zaman shawara da likita tun cikin Sha'aban, a ji ta bakin malamin da aka yi wa bayanin ciwon sosai, wanda zai yi azumin kuma ya ware wa kansa lokacin rama barci, ya san alamar da idan ya gan ta zai ajiye.

Sanin alamun farko fasaha ce da ake koya, kuma gwajin da aka yi a Manchesta ta Ingila aka wallafa a 1999 ya nuna cewa koyar da ita na jinkirta dawowar zumuɗi sosai, ko da yake bai yi irin wannan tasiri a kan damuwa ba. Kowane mai ciwon yana da nasa sawun da ke maimaituwa: wani zai fara yawan kiran waya da tsakar dare, wani ya fara zanen sababbin dabarun kasuwanci, wata ta tashi goge-goge da wanki tun kafin asuba, wani kuma ya tsunduma cikin wa'azi ko gardamar addini da ba halinsa ba. Ana gano wannan sawu ne ta hanyar waiwayar abin da ya faru a makonnin da suka gabaci ciwon da ya wuce, tare da wanda ya shaida shi, da kuma ajiye ɗan littafi da ake rubuta awannin barci da ma'aunin yanayin rai a kullum, wanda ga marar karatu zane ko ɗigo ma ya isa. Daga nan sai yarjejeniya, irin wadda Mary Ellen Copeland, ba'amurkiya mai fama da ciwon, ta tsara tare da wasu masu irin lalurarta a 1997: mutum yana cikin hayyacinsa ya faɗi wanda ya amince ya gaya masa gaskiya idan alamun sun bayyana, da wanda zai riƙe masa katin banki da makullin mota da jarin shago, da asibitin da za a kai shi, da abin da bai yarda a yi masa ba. Wannan tunani ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta fiƙihu, domin malamai tun da daɗewa sun bambanta gushewar hankali mai ɗorewa da mai zuwa ta tafi, suka inganta cinikin mai ta biyun a lokacin farfaɗowarsa, suka kuma buɗe babin hajru, wato hana mutum sarrafa dukiyarsa don kare shi. Abin da yarjejeniyar ta ƙara shi ne mai dukiyar da kansa ke zaɓar waliyyinsa da sharuɗɗansa, kuma ikon yana komawa hannunsa da zarar ya warware, wanda hakan ke toshe ƙofar da wasu dangi kan bi su cinye hakkin marar lafiya da sunan kula da shi.

Yanayin gida yana da tasirin da aka auna. Masu bincike a Landan, tun daga aikin George Brown a shekarun 1960, sun lura cewa majinyacin taɓin hankalin da ya koma gidan da ake yawan suka da gori, ko ake yi masa kulawar da ta zama takura, ya fi saurin komawa asibiti, daga baya David Miklowitz a Amurka ya tabbatar da haka ga masu baifola, ya kuma tsara zama 21 cikin wata tara da ake koya wa iyali sauraro da warware saɓani. Takurar tana da illa kamar gorin, domin gidan da ya tsorata kan mayar da kowace dariya ko fushi alamar ciwo, har mutum ya rasa damar yin farin ciki ko ɓacin rai na halal ba tare da an tambaye shi ko ya sha maganinsa ba, a gidan da ke da kishiyoyi ko 'yan uba kuwa lalurar kan zama makamin faɗa. A lokacin zumuɗi gardama ba ta da amfani, abin da ke aiki shi ne rage hayaniya da baƙi, da gajeriyar magana cikin natsuwa, da jinkirta duk wani babban hukunci na aure ko saki ko sayar da kadara. A lokacin damuwa kuma nasihar haƙuri da tawakkali, idan ta zo da sigar zargi, takan ƙara wa mutum jin cewa imaninsa ne ya yi rauni, alhali zama kusa da shi da raka shi ɗan tattaki da tabbatar da ya ci abinci sun fi masa amfani. Haɗarin kashe kai ga masu wannan ciwo ya ninka na sauran jama'a sau goma ko fiye, tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin hakan ba ta dasa masa tunanin, kuma idan ya amsa da e, wajibi ne a kawar da maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda yake, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti. Mai jinya ma na gajiya, galibi kuma uwa ce ko mata ɗaya aka bar wa nauyin, rabon kwanaki tsakanin dangi zai hana ta durƙushewa.

Ga mace, makonnin farko bayan haihuwa su ne mafi haɗari a duk rayuwarta da ciwon, domin kusan 1 cikin 5 na masu nau'i na ɗaya kan sami rikicewar hankali mai tsanani a wannan lokaci, wadda ke farawa cikin kwanaki kaɗan kuma take buƙatar asibiti da gaggawa. Al'adar komawa gida wankan jego da zaman wata dattijuwa tare da mai jego har arba'in kariya ce ta gaske idan an karkata ta ga barin uwar ta yi barci, wani ya karɓi jaririn a wani yanki na dare, a kuma rage cincirindon 'yan barka da hidimar suna.

Yawancin iyalai ba asibiti suke fara zuwa ba, domin sauyin murya da ƙarfin jiki da maganganun da ba a saba ji ba sun yi kama da abin da jama'a suka sani na iskoki ko sammu, sai a nufi mai ruƙiyya ko mai rubutu ko boka. Tun da zangon zumuɗi kan lafa da kansa bayan wasu makonni ko watanni, duk wanda majinyacin ke hannunsa a lokacin shi ke samun yabo, idan ya dawo kuma a ce aljanin ne ya sake shiga. Addu'a da karatun Alƙur'ani ba su yi karo da magani ba, suna ma sanyaya zuciyar mai ciwon da iyalinsa. Inda ɓarna take shi ne duka da hayaƙi da yunwa da ɗaurin mari, waɗanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton samunsu a wurare da dama na Najeriya a 2019, da kuma umurtar mutum ya zubar da ƙwayoyinsa don nuna yaƙini. Haɗa hannu tsakanin asibiti da masu maganin gargajiya da na addini abu ne mai yiwuwa, Thomas Adeoye Lambo ya gwada shi a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta tun 1954, gwajin da Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi aka wallafa a 2020 kuma ya nuna cewa masu taɓin hankalin da ke hannun masu maganin gargajiya da na addini sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan asibitin matakin farko na zuwa duba su.

Ƙungiyoyin masu ciwon da kansu sun fara ne a Birtaniya a 1983 da Amurka a 1985, amfaninsu kuma shi ne mutum ya ji zancen barin magani ko kunyar bashi daga bakin wanda ya bi ta hanyar, abin da likita ba zai iya ba shi ba. A arewacin Ghana ƙungiyar BasicNeeds, daga cibiyarta ta Tamale, ta kafa irin waɗannan rukunoni a ƙauyuka, ta haɗa su da tallafin sana'a da karɓo magani, tsarin da ya fi dacewa da wuraren da talauci ne ke fara raba mutum da jinya. A Najeriya Hauwa Ojeifo, wadda ta bayyana wa duniya cewa tana da baifola, ta kafa She Writes Woman a 2016, ta kuma yi jawabi a gaban Majalisar Tarayya a 2020 kan ƙudurin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba kowa ne zai iya irin wannan fitowa ba, kuma babu wanda ya wajaba a kansa, domin a inda ake binciken asali kafin aure kalma ɗaya na iya shafar 'yan'uwan mutum mata gaba ɗaya. Amma ɓoye wa wanda za a aura zalunci ne da ke ƙarewa da mutuwar auren, ga shi yana hana mai ciwon mataimakin da ya fi kowa kusa da barcinsa.

Duk wannan yana da iyaka a Najeriya, ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutane fiye da miliyan 200, asibitocin ƙwararru kuma suka taƙaita a wurare irin su Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano da Maiduguri. Dokar da shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta amince da hakkokin majinyaci, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 kuma na horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon su kula da shi, amma mutumin ƙauye har yanzu kuɗin mota da na awon jini kan fi ƙarfinsa, wannan kuwa wuri ne da gudummawar dangi ta wata-wata ta fi taron dubiya amfani.

Sashen da aka fi mantawa da shi shi ne bayan ƙura ta lafa, lokacin da mutum ya dawo hayyacinsa ya tarar da bashin da ya ci, da maganganun da ya yaɓa wa surukai da maƙwabta, da sakin da ya furta, da shagon da ya zama kango. Kunyar wannan lokaci kan zama ƙofar zangon damuwa, don haka gyaran yana buƙatar tsari kamar yadda jinyar ta buƙata: wani babba da ake jin maganarsa ya raka shi wurin waɗanda ya ɓata wa ya yi bayani a taƙaice, a zauna da masu bin bashi a tsara biya kaɗan-kaɗan, maganar sakin a kai ta gaban alƙali ko malami tare da bayanin likita kan halin da mijin ke ciki a ranar da ya furta, maimakon a yanke hukunci a zaure. Komawa aiki ma a hankali ake yi, rabin yini kafin cikakken yini, ƙaramin jari kafin babba, tunani da riƙe abu kan ɗauki watanni kafin su koma yadda suke. A cikin waɗannan makonni ne kuma, tun abin da ya faru bai dushe a ƙwaƙwalwar mutanen gida ba, ya fi dacewa a ɗauko littafin nan a rubuta ranar da barci ya fara raguwa, da wanda ya fara lura, da kwana nawa aka yi kafin a kai ga likita.